Mun Waiwaya, Auta

Daga Allah muka zo, wurinSa za mu koma. Tun ina yarinya nake faɗin haka a gidajen mutane, amma ban san nauyin maganar ba sai ranar Alhamis, sha ɗaya ga watan da ya wuce, da hantsi, lokacin da likita ya fito daga ɗakin da aka kwantar da ƙanwata, ya cire tabarau, ya tambaya wace ce babba a cikinmu. Ni ce babba. Auta ta rasu ba ta daɗe da haye talatin ba. Ta bar miji, da jaririya da ko zama ba ta fara ba, da mahaifiyarmu, da aji guda na manyan mata waɗanda har yau in aka ce Malama sai su dubi ƙofa.

Auta, abokan aikinki sun yi rubutu a kanki. Sun ce mai haƙuri ce, mai fara'a, mai son ɗalibai, kwana ne ya ƙare. Duk gaskiya suka faɗa. Amma akwai inda suka tsallake, ni kuwa tela ce, ban saba tsallake ɗinki ba. Zan faɗi alherinki, zan kuma faɗi abin da aka yi miki.

Ni na goya ki. Da Baba ya rasu na bar makaranta na hau keken ɗinki, ke kuma kika ci gaba da zuwa. Ƙarƙashin teburin yanka ne ɗakin karatunki. Kina zaune cikin ƙyallaye, duk abin da ke da rubutu sai kin karanta shi da ƙarfi: kwalin allura, bakin atamfa, takardar da aka ƙunso maɓallai. Rigunanki duk da ragowar yadin mutane nake haɗa su, hannu daban, wuya daban. Ke kika sa musu suna taron dangi. Ba ki taɓa cewa kina jin kunyarsu ba, ko da yake na san yara suna yi miki dariya. Ranar da kika gama digiri, kafin a ɗauke ki hoto sai da kika cire rigar bikin da hular kika sa mini, kika ce wa mai hoto, "Fara da wannan, ita ta yi karatun, ni na zauna jarrabawar kawai."

Tun kafin ki zama malama layinmu ya mayar da ke malama. Duk wadda aka ba magani ba ta gane takardar cikin kwalin ba, gidanmu take zuwa. Duk wadda za ta je ofis tana tsoron a yi mata Turanci a raina ta, ke take ja. Ba kya karanta wa mutum ki sallame shi, sai kin sa yatsansa a kan kalmar, kin ce ya maimaita. Kina cewa, "Gobe ba na nan, wa zai karanta miki?" Muna ɗaukar maganar wasa.

Shekaru kina koyar da Turanci a makarantar yara, ba wanda ya taɓa kuka da ke. Sai makarantar ta sauya masu ita. Sababbin suka ce digiri kaɗai bai isa ba, duk mai koyar da Turanci sai ya kawo wata takardar shaida da ake yi bayan digiri, ta koyar da harshen ga waɗanda ba da shi aka haife su ba. Wanda bai kawo ba zuwa sabuwar shekarar karatu, ya nemi wani wuri. Ba ki yi ƙorafi ba, har murna kika yi. Kika ce, "Yaya, dama ina koyarwa ne da baiwa, yanzu zan koyar da sani." Kika shiga cibiyar da ke ba da takardar, da ƙaramin ciki, safe makaranta, yamma cibiya. Jarrabawar rubutu duk kin cinye. Abu ɗaya ya rage, shi ne gwajin aji: ki tsaya ki koyar da mutane na gaske, wani malami daga cibiyar ya zauna a baya ya duba, ya ba ki maki.

Don wannan gwajin cibiyar take buɗe aji kyauta ga manya, masu neman takardar su riƙa koyo a kansu. Ke kika bi gida gida kika tara naki. Ni kika fara rubutawa.

Na ce, "Ni da na wanke miki kashi, yanzu in ɗaga miki hannu kafin in fita fitsari?"

Kika ce, "Ƙwarai kuwa. In kin makara kuma a waje za ki tsaya."

Ajinmu yana can saman bene, hawa na ƙarshe. Farin allo, fanka mai kuka kamar tsohuwar akuya, kujerun roba da kike jerawa kamar rabin wata don kowa ta ga bakin kowa. Ba da littafi kike shigowa ba, da buhu kike shigowa. Yau buta da almakashi da kwalaben magani, gobe tsofaffin takalma mu yi ciniki. Akwai Gwaggo, tsohuwar ungozoma, wadda ta girme mu duka. Jikokinta a wata ƙasa aka haife su, in an haɗa su a waya sai dai su kalli juna su yi murmushi, ita kuma ta ce ba za ta mutu ba ta tambaye su me suka ci ba. Akwai Mai Shara, wadda take aikin goge-goge a cibiyar kanta, shekara da shekaru tana share ƙarƙashin allunan sanarwa ba ta san me suke cewa ba. Akwai Mai Kanti, mai bakin da ba ya rufuwa, wadda ko da Turanci sai ta yi rashin kunya. Ranar da Gwaggo ta fara yi wa jikarta tambaya yarinyar ta amsa, a aji ta ba da labarin tana kuka, ke kuma kika juya kina goge allon da babu komai a kansa.

A can bayan ajin, jikin bango, akwai kujera ɗaya ta katako mai hannu. Ba wanda yake zama a kai. Kujerar mai dubawa ce. Kika koya mana dokokin ranar da zai zo. Doka ɗaya taki ce: daga shigarki har ki gama, ko kalma ɗaya ta Hausa ba za ta fita daga bakinki ba. Doka ɗaya tamu ce: kada wadda ta waiwaya. Kika ce, "Ku ɗauka bango ne. In ya yi tari, bango ne ya yi tari. Waiwaye yana nuna hankalinku ba ya wurina, ni za a rage wa maki." Kuma kowane zuwa sai kin sayi ruwan gora kin ajiye masa a gefen kujerar, don an ce haka ake yi.

Mutumin da aka ba ajinmu, ba zan rubuta sunansa a takarda ɗaya da naki ba. Mai Kanti ce ta sa masa Jan Biro, don shi yake fara cirowa daga aljihu kafin ya amsa sallama.

Zuwansa na farko cikinki ya tsufa. Darasi yana tafiya lafiya lau, sai Gwaggo ta dafe kai ta zame daga kujera. Tana da ciwon suga, ta fito ba ta karya ba. Kika yar da abin rubutu kika tare ta, kika ce, "Gwaggo! Gwaggo, kina ji na? Kin ci wani abu yau?" Iyakar abin da kika faɗa ke nan. Aka ba ta alewa ta dawo hayyacinta, kika koma kika ƙarasa darasinki da Turanci. Mu ko a lokacin ba wadda ta waiwaya, amma muna jin biron yana tafiya. Da aka tashi ya miƙa miki takardar: kin faɗi, kin yi amfani da harshen gida a aji. Kika ce masa matar suma take yi. Ya ce ai wannan ma dama ce ta koya wa sauran yadda ake tambayar mara lafiya da Turanci, kin bar ta ta wuce.

Gwaggo ta yi kwanaki ba ta zo ba don kunya. Ke kika je har gida kika ɗauko ta. Kika ce mata, "In an sake, haka zan sake."

Aka ce za ki maimaita gwajin. Ya sa rana, ya ɗaga. Ya sake sawa, ya sake ɗagawa. Yau taro, gobe tafiya, jibi mantuwa. Kowane karo sai kin goge kaya, kin shirya buhunki, kin sayi ruwa, mu kuma mu rufe shaguna mu hau bene mu zauna. Da ya zo a ɗaya daga cikin ranakun nan, da kin gama tun kina da ƙarfinki. Bai zo ba har kika haihu.

Bayan haihuwar ne ƙafafunki suka kumbura, numfashi ya riƙa yi miki gardama, kwanciya ta gagara sai a zaune da matasai a baya. Likita ya ce zuciyarki ce ta yi rauni, yakan faru ga wasu masu jego. Ya ce ana warkewa, amma da sharaɗi: magani a kan lokaci, hutu, kada ki ɗauki ko bokiti, kada ki hau bene. Ya maimaita maganar benen a gabana da gaban mijinki.

A shagona kika kira Jan Biro, kika buɗe muryar wayar, don haka da kunnena na ji. Kika gaishe shi da ladabi, kika gaya masa abin da likita ya ce. Kika roƙe shi ɗayan biyu: ko a ɗaga miki zuwa zango mai zuwa, ko a sauko da ajin ƙasa na rana ɗaya, tunda akwai ɗakuna a ƙasa da ba kowa.

Ya ce, "Ajin da aka rubuta miki shi ne ajinki. Ranar Talata ake rufe maki. In ba za ki iya ba, ki maimaita shekara. Ba a kanki aka fara haihuwa ba."

Kika ce, "To, yallaɓai. Na gode."

Godiyar nan har yau tana ƙona mini rai.

Mijinki ya ce ki bar musu takardarsu da aikinsu, shi zai riƙe gida. Na ce haka, Mama ta ce haka. Kika ce ba maganar abinci ba ce kawai. Kika ce yaran ajinki na makaranta kin ɗauko su tun ba su iya riƙe fensir ba, ba za ki bar su a tsakiyar hanya ba, kuma awa ɗaya ce, ki koyar ki sauko, shi ke nan kin huta har abada. Haka kika ce, har abada.

Ranar Talata rana ta buɗe sosai. Na riƙe ki ta dama, Doguwa ƙawarki, wadda kuke neman takardar tare, ta riƙe ki ta hagu. Kowane hawa sai mun tsaya kin jingina da bango, leɓɓanki sun yi fari. A tsakiya kika dube ni kina haki, kika ce, "Yaya, kin ga kin sake goya ni." Da muka isa, da hannunki kika ajiye gorar ruwan a gefen kujerar katako. Kika gyara mayafi. Muka zauna muna jira.

Lokaci ya yi, ya gota. Mai Shara ta shigo a makare da rigar aikinta, ta ce Jan Biro yana ofis a ƙasa, ta gaya masa kina jira. Fuskarta ba daidai take ba, amma ba ta ƙara komai ba. Kika ce, "To mu fara, ya same mu a ciki. Ku tuna, ba waiwaye."

Darasin ranar na yadda ake tambayar mutum inda yake jiya da abin da ya yi ne. Kika tambayi Mai Kanti, ta ce tana kanti tana zagin masu taya kaya ba su saya ba, aka yi dariya. Kika sa mu bibbiyu muna tambayar juna, muna maimaitawa har ya zauna a baki. Kina dafe da tebur, kina tsayawa tsakanin kalma da kalma, amma kina murmushi. Wallahi ban taɓa ganin kin koyar kamar ranar ba. Mu kuwa wuyanmu a sandare. Duk motsin ƙofa sai mu ce a ranmu ga shi nan ya shigo, ya zauna, yana gani. Muka ƙara ɗaga murya, muka ƙara ɗaga hannu, don ya ga Malamarmu ta iya. Ke kaɗai kike fuskantar bayan ajin. Ke kaɗai kike ganin ba kowa a kujerar. Duk da haka ko kalma ɗaya ta Hausa ba ki yi ba, ko zai shigo a daidai lokacin.

Sai da kika rufe darasi, kika gode mana da Turanci, sannan kika zauna a hankali. Hausar farko da ta fito daga bakinki ita ce, "Yaya, numfashina."

A kan kujerar roba muka sauko da ke. A asibiti, da kika ɗan farfaɗo, kika tambayi yarinya, kika ce a gaya wa Gwaggo kada ta daina zuwa aji. Sannan kika ce, "Ya zo daga baya?" Na kau da kai. Kika lumshe ido, kin gane.

Ana cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Kin dafa, Auta. Wani ne ya ƙi tashi daga kujera ya miƙo miki ludayi.

Jan Biro ya zo gaisuwa. Kaya sun sha guga, turare ya riga shi shigowa. Ya ce kina cikin ɗalibansa mafi hazaƙa, ya ce wani uzuri ne ya taso masa ranar, ya ce kowa da ranarsa. Na yunƙura, Mama ta danne mini wuyan hannu har sai da farcenta ya shiga. Na haɗiye. Bayan ya fita ne Mai Shara ta ja ni bayan gida ta faɗa mini abin da ta ɓoye ranar Talata. Tana goge ƙasan ofishinsa ne. Yana zaune cikin sanyin na'ura, ƙafa a kan tebur, yana kallon wani abu a waya yana dariya. Ta ce masa, "Yallaɓai, Malama tana sama tana jira, ba ta da lafiya." Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Wa zai hau benen nan cikin zafin nan? Ta jira rana ta yi sanyi." Da rana ta yi sanyi ya ɗauki makullin motarsa ya tafi gida.

Wannan shi ne uzurin. Benen da ya tilasta wa mai ciwon zuciya ta hau, shi mai lafiya ya ƙi hawa.

Na san ajali a hannun Allah yake, kada wani ya zo ya karanta mini. Ba shi ya sa miki ciwon ba. Amma wanda ya tura mutum rijiya ba ya tsayawa a baki ya ce ruwa ne ya yi kisa.

Mijinki ya je wurin shugaban cibiyar ya kai kuka. Aka ba shi kujera, aka yi masa ta'aziyya mai daɗi, aka ce za a duba. Har yau ana dubawa. Ni kuma na hau benen in kwaso buhunki. Komai yana yadda muka bar shi, rubutunki a allo, kujeru a karkace. Gorar ruwan tana nan a gefen kujerar katako, ba a buɗe ba. Na sa ta a buhun na taho da ita, ban san me zan yi da ita ba.

Sai ga Doguwa ta zo shagona idonta jawur. Ashe da labarinki ya bazu, cibiyar ta ƙara wa waɗanda ba a duba ba lokaci, abin da kika roƙa aka ce ba ya yiwuwa. Ita ma ba a duba ta ba. An ba ta ajinmu, kuma Jan Biro ne zai zo. Matan suka taru a shagon, kowa ta ce ƙafarta ba za ta sake taka benen nan ba. Gwaggo tana zaune a kan buhun auduga tana saurarensu har aka gaji.

Ta ce, "Za mu je. Mu duka."

Mai Kanti ta ce, "Gwaggo, in na ga mutumin nan, kujera zan kwaɗa masa."

Gwaggo ta ce, "Ke dai bakinki ya fi hannunki. Ba duka, ba zagi. 'Yar nan ta koya mana abu, za mu biya masa karatu ne kawai."

Doguwa ta ji tsoro, kuma da gaskiyarta, ita ma aikinta ne a kan layi. Muka yi mata alkawari ba abin da zai faru sai ta gama, ya rubuta makinta ya miƙa mata, tunda haka tsarinsu yake, a nan take ake bayarwa. Na san da kina nan abin da za ki fara cewa ke nan, kada a ɓata wa wata.

Bari in ba ki labari, Auta, tunda ba ki gani ba.

Wannan karon Jan Biro ya zo a kan lokaci. Muna jin hakinsa tun daga matakala. Ya zauna, muka ji ƙarar buɗe gora, muka ji yana kwankwaɗa. Doguwa ta koyar, muryarta tana rawa da farko, daga baya ta miƙe. Muka taimake ta iyakar iyawarmu, ba wadda ta motsa wuya. Ta gama. Ya kira ta baya, ya miƙa mata takarda, ta dawo ta sa a jaka, ta ɗaga mana kai alamar ta ci.

Sai Gwaggo ta buga sandarta a ƙasa.

Ba mu waiwaya da wuya kawai ba. Kujerun muka ɗaga muka juya su gaba ɗaya, ƙafafun roba suna ƙara a kan siminti, muka zauna muna fuskantarsa. Rabin watan da kika saba jerawa ya koma yana kallon bango, shi kuma yana tsakiya. Ashe ƙaramin mutum ne. Duk watannin nan da muke tsoronsa, har ranar da ya zo gaisuwa, ƙato nake ganinsa. Ya tsaya da biro a hannu, rabi a aljihu rabi a waje. Fanka tana ta kuka. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Na miƙe. Na tambaye shi da Turancin da kika koya mini a darasinki na ƙarshe, yadda kika sa muka maimaita har ya zauna: ina kake ranar Talata?

Ya dubi ƙofa. Ya ce, "Hajiya, don Allah ki yi haƙuri, wannan abu ƙaddara..."

Gwaggo ta ɗaga sanda. Ta ce, "A'a, yallaɓai. Ba a Hausa a ajin nan."

Mai Kanti ta ce, "Ko mutum suma yake yi."

Daga nan Mai Shara ta miƙe, da rigar aikinta, a gaban mutumin da zai iya sa a kore ta gobe, ta yi masa tambayar. Ta kusa da ita ta miƙe ta yi. Haka muka bi layi, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda kike zagaya mu. Wasu sun karya kalmomin, wasu kuka ya sarƙe su, amma ba wadda ta tsallake. Ya fara wani dogon Turanci, ya katse. Ya sake farawa, ya katse. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa mai guga. Ya kai hannu ga gorar zai ƙara sha. Gorar da na taho da ita ce, ni na mayar da ita gefen kujerar kafin ya iso.

A nan na karya dokar, ni ba takarda nake nema ba. Na ce, "Sha, naka ne. Ita ta saya maka. Da hannunta ta ajiye shi a nan ranar Talata, tun ranar yake jiranka."

Ya dubi gorar kamar maciji ya riƙe. Ya ajiye ta a hankali.

Ba mu tare ƙofa ba, ba wadda ta taɓa ko gefen rigarsa. Ya ratsa ta tsakaninmu, idanu suna bin sa har ya fita. Muna jin takunsa yana sauka, kuma na ji ya tsaya a kowane hawa, a wuraren da kika tsaya. Biron ya faɗi a gindin kujera. Mai Shara ta ɗauko tsintsiya ta haɗa shi da ƙura ta zuba a kwandon shara.

An ce ya nemi a sauke masa duba ajin manya. Bai isa ba. Labarin ya riga shi zuwa sauran azuzuwa, kuma duk inda ya sake zama a bayan mutane da biro a hannu, zai riƙa kallon ƙeyarsu yana jiran wadda za ta juyo. Haka nake so ya zauna. Mama ta ce in yafe, ta ce riƙo ba ya dawo da mamaci. Na san ba ya dawowa. Ban taɓa ƙin maganar Mama ba, amma wannan na ce mata ta ba ni lokaci, kuma ban ga ranar ba. Haƙƙin ma ba nawa ba ne ni kaɗai da zan yi kyauta da shi. Akwai yarinya da za ta girma tana kiran yayar uwarta Mama. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Allah ya isa, Auta. Na faɗa a ɗaki, na faɗa a kan sallaya, yanzu na rubuta.

Cibiyar ta aiko cewa za su buga miki takardar don girmamawa. Mijinki ya ce zai karɓa ya ajiye wa yarinya, ban hana ba. Amma su sani ba kyauta suka yi miki ba. Kin hau, kin tsaya, kin koyar daga farko har ƙarshe ba ki karya dokarsu ba. Mai dubawa ne bai zo ba. Mu mun zo, mun gani, kin ci.

Gwaggo ba ta daina zuwa aji ba, na isar da saƙonki. Ni ma ban daina ba, kuma ban ƙara makara ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, wadda ta binne autarta ita tana raye. Allah ya sanyaya mata zuciya. Ga mijinki, wanda ya riƙe ki da mutunci har ƙarshe, Allah ya ba shi juriya, ya saka masa da alheri. Ga 'yarki, Allah ya raya ta, ya ba ta kanki da zuciyarki, ya tsare ta daga hannun irin wanda kika faɗa hannunsa. Ga Doguwa, da yaran ajinki na makaranta, da matan ajin sama, Allah ya ba mu haƙurin rashinki.

Allah ya jiƙanki, ƙanwata. Ya gafarta miki, ya yalwata miki kabari, ya haskaka shi da kowane harafi da kika sa a bakin wani. Ya ba ki numfashi mai sauƙi a inda babu hawa, babu jira. Wanda kuwa ya bar ki a tsaye, Allah ya tsayar da shi a ranar da uzuri ba ya aiki, ya yi masa tambayar da muka yi masa, ya kuma sa ya amsa a gabanki. Amin.